Kwanso Bakwai

A Mai Wurno, bayan gidanmu, a gindin aduwa,
nan Baffa Cindo ke shimfiɗa buzu in an yi la'asar.
Ya kwance tsumma, kwanso bakwai su gangaro,
na tagulla, bakinsu duk ya kode don yawan cikawa.

Wani Bagirike ya bar masa su a kasuwar Sinja,
haɗe da bindigar, a kan buhu huɗu na riɗi.
Sabon harsashi sai Khartum,
wa zai je Khartum saboda barewa?

Ni ce mai riƙon sikeli.
Idonsa ya fara hazo tun ina aji uku,
ya ce, "Zo nan, Dudu, ara mini naki."
Albarushi kamar ƙonannen gero,
in zuba, in dakata, in ɗauke numfashi
har harshen sikeli ya bar kaɗawa.
"Ƙwaya ɗaya ta hau," in ji ni. Ya ce, "Tsince ta.
Wannan ba miya ba ce da ake gyarawa."

Ran Juma'a Hamad Wad Nurain kan zo da jabanarsa.
Shi dalma mai nauyi yake so,
wadda ko gwanki ta taɓa sai ya durƙusa.
Baffa ya ce, "Nama ka fito nema ko tsumma?
Dabbar da ba ta fi akuya ba, ka farfasa mata kafaɗu,
me za ka kai gida? Ƙashi da kunya."
Rabi Larabci, rabi Hausa,
har jabana ta huce, har ladan ya yi gyaran murya,
kowa ya kaɗe rigarsa da gaskiyarsa, ba mai sakewa.

Sau ɗaya ya tafi da ni.
Toka a aljihu, ya ɗiba ya saki, ya ga inda iska ta nufa.
Muka yi rarrafe har ƙaya ta cinye mini gwiwa.
Ga ta can tana kiwo, kunne ɗaya a tsaye.
Ya ɗora, ya daɗe, ya sauke.
"Akwai ɗa a bayanta." Ni ban gan shi ba,
shi mai hazon ido ya gan shi cikin ciyawa.

Sai da na girma Inna ta gaya mini tushen sikelin.
Wata shekara, ta wajen Dindir,
ya cika da ka a hasken aci-balbal, yana sauri.
Harbi ya fita ba ƙarfi, ya sami cinya.
Kwana biyu yana bin ɗigon jini
a kan baƙar laka da rani ya tsattsaga.
Ya iske ta da rai, ungulaye sun kewaye ta suna jira.
Ya yanka, ya rabar, bai kai ko tsoka bakinsa ba.
Ya biya ta Sinnar wurin maƙerin zinariya
kafin ya yarda ya yi sallama a gida da kowa.

Daga baya tarakta ta zo, daji ya koma gonar riɗi,
sawun barewa ya ɓace ba ko sallama.
Sannan wasu bindigogin suka zo,
a kafaɗar yaran da gemu bai tsiro musu ba.
Da dare mukan ji su kamar ƙanƙara a kan kwano.
Baffa ya kasa kunne daga kan gado, ya ce,
"Wannan ba shi ya auna ba.
Da shi ya auna, da ya ji nauyin zubarwa."

Da asuba ya naɗe tasa a tsohon bargo,
na riƙe masa hannu har bakin Bahar.
Ruwa ya karɓa, ya yi 'yar da'ira, ya ci gaba da wucewa.

Shida babu komai a cikinsu, suna gwangwanin allurai.
Na bakwai a cike yake, ni na auna shi,
shi ne wanda ya sauke ran nan.
Sikelin kuwa yanzu garin maganin Inna nake aunawa,
safe da dare, bayan ta ci kisira.
Takan ce, "Yi sauri mana, Dudu."
Ba na iyawa.
Sai na ɗauke numfashi,
sai harshen ya bar kaɗawa.